Jinin Gida

SHAFI NA 31

*Da sunan Allah mai rahama. Masu cewa zancen asibiti ya yi yawa, in koma kan soyayya, ku yi haƙuri, sai da ƙoda ake soyayya. Mu je.*

Dakta Saliou bai ce Nuriyya ta zauna ba, ita ma ba ta nemi kujera ba. Ya juyo mata da fuskar kwamfutar, ya ja gefe yana goge tabarau da bakin riga, kamar yadda yake yi duk ranar da labari ba daɗi.

Sakamakon gwajin ƙanwarta ne, Lailatu. Shekara biyu ke nan yarinyar tana kan injin wankin ƙoda. Asibitin waje da ya yarda zai yi mata dashe ya ce a fara gwada 'yan uwa a nan Libreville, a haɗa jininta da na kowane ɗaya a ga wanda jikinta zai karɓa. Su biyu ne kawai: yayansu Nafiou, da ita Nuriyya.

Na Nafiou bai ba ta mamaki ba. Jikin Lailatu ya ƙi shi.

Ai ta faɗa. Ta faɗa har bakinta ya gaji. A kan wannan take binciken digirinta na biyu a wannan labo ɗin, ɗakin gwajin jini, kuma a kan wannan ta ɓata da rabin dangi. Jikin ɗan Adam ba ya mantuwa. Duk wanda aka ƙara maka jininsa, jikinka yakan haddace alamominsa, ya tanadi makami ya ajiye. Ranar da aka kawo ƙodar wannan mutumin, zai gane ta, ya far mata. Shi ya sa ba a ɗiban jinin wanda ake fatan gobe zai ba da ƙoda.

Amma babansu, Alhaji Salissou, yana da dokarsa, kuma duk unguwar Awendjé an san ta: jinin gida. Ɗiyarsa ba za ta ɗauki jinin wanda bai san abin da yake ci da abin da yake sha ba. Ya nemo wani asibitin kuɗi da ya yarda a rubuta suna a jikin leda, a ɗiba daga wannan a ƙara wa wannan. Duk lokacin da jinin Lailatu ya yi ƙasa, Nafiou zai naɗe hannun riga, ya fito ana sa masa albarka har a masallaci. Ita kuwa Nuriyya ta ƙi. Aka ce makarantar Faransanci ta shanye mata imani. Gwaggonsu ta ce ko kaza ta fi ta tausayin 'yan uwa. Ta haɗiye duka, domin ta san abin da take ajiyewa.

Ta sauko da ido kan layi na biyu, wanda ke da sunanta.

Ya ƙi ta. Ita ma ya ƙi ta.

"Ban taɓa ba ta ko ɗigo ba," ta ce.

Dakta ya ce ya sani. Ya ce shi ma sai da ya sa aka maimaita.

Sai a lokacin ta jawo kujera. Abin da ya ba ta mamaki da kanta, kuka bai zo ba. Tambaya ce ta riga shi shigowa ta tsare ƙofa. Ta matsa kusa, tana bin alamomin da ɗan yatsa.

Kowane mutum ɗauri biyu yake da shi na waɗannan alamomi, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Baba yana da nasa biyu, kowane ɗa ya ɗauki ɗaya. Lailatu da Nafiou sun ɗauki iri ɗaya, ta wajen Inna ne suka bambanta, kuma a nan jikin Lailatu ya kama shi. Wannan a fili yake. Ita kuwa Nuriyya ɗaya ɗaurin na Baba ta ɗauka, wanda Nafiou ba shi da shi sam. To ga shi nan a jinin Lailatu, makami a kan wannan ɗaurin. Jikinta ya taɓa haɗuwa da shi. A ina?

Dakta ya ce yana iya zama dace, baƙo ma yakan zo da alama irin ta gidanku. Ta ce alama ɗaya, ta yarda. Amma ɗauri guda, a jere, yadda yake a jikin Baba? Ya tambaya ko Lailatu ta taɓa ɗaukar ciki, ta ce ko aure ba ta yi ba. Ya tambaya ko Alhaji da kansa ya taɓa bayarwa, ta ce rukunin jininsa B ne, na Lailatu O, babu asibitin da zai yi wannan gangancin. 'Yan uwan Baba fa? Duk suna can garinsu Tessaoua, babu wanda ya taɓa ganin teku a cikinsu.

Ya mayar da tabaransa. Ya yi maganar a hankali, yana kallon bango.

"To akwai wani. Wani mai jinin babanku."

Nan da nan ya ƙara da cewa wannan ba aikin labo ba ne, shi ƙoda ya sani. Abin da ya rage a ci gaba da wanki, a jira.

A jira. Duk cikin kalmomin duniya babu wadda Nuriyya ta tsana kamar wannan. A jira wa? A wurin da ko ledar jini sai ka kawo mutanenka sun maye gurbi kafin a miƙo maka, wa zai taso haka kawai ya ce ga ƙodata? Manya suna ta taro a otal, suna shan ruwan roba, suna cewa ana nazari. Mu kuma a unguwa muna cewa Allah ya kawo sauƙi, mu koma mu zauna. Marasa lafiya nawa ta yi hira da su a bincikenta, waɗanda 'yan uwa suka rufe musu ƙofar dashe da hannun ƙauna, babu wanda ya taɓa tsayawa ya yi musu bayani? Yanzu ga ƙanwarta ta shiga lissafin.

Ta cire farar rigar ta rataye, ta ce wa Dakta tana zuwa.

*

Ɗakin wankin yana nan da sanyinsa da ƙarar injuna. Lailatu tana kwance a gadon da ta saba, ta lulluɓa da zanen Inna, hannu ɗaya a miƙe cikin igiyoyi, ɗaya riƙe da waya.

"Madam Labo. Yau kuma da ƙafa aka zo, ba saƙo?"

Nuriyya ta zauna a bakin gadon. Ta ce so take ta tuna mata duk wanda aka taɓa ƙara mata jininsa, ɗaya bayan ɗaya, kar ta tsallake kowa.

"Yaya Nafiou. Sai Yaya Nafiou. Sai kuma Yaya Nafiou, har na fara son ƙwallo ban shirya ba."

"Lailatu."

"Wallahi. Ranar nan na tsinci kaina ina zagin alƙalin wasa."

Nuriyya ba ta yi dariya ba. Lailatu ta ajiye wayar a ƙirji, ta ƙura wa silin ido. Can ta ce akwai sau ɗaya. Lokacin da Nuriyya ta tafi horo Franceville, Nafiou kuma ya ɗauki kaya zuwa Bitam, ruwa ya ɓata hanya, babbar motar ta maƙale. Ita kuma Lailatu ta faɗi a banɗaki. Likita ya ce a ranar ake son jini, ba gobe ba, ya ce suna da leda a firji. Baba ya ce a'a. Ya ɗauki hularsa ya fita, bai gaya wa kowa inda za shi ba. Kafin azahar ya dawo da wani mutum.

An gaya wa Nuriyya wannan labarin a waya a lokacin, amma cewa aka yi wani bawan Allah ne daga masallaci. Ta tuna har ta ji daɗi, ta ɗauka Baba ya fara saukowa.

"Bawan Allah dai kowa bawan Allah ne," in ji Lailatu. "Amma na masallaci? Inna ta yi masa sallama, ya ce mata bonjur madam. Ko sannu bai sani ba."

Ta ce dogo ne, zai girmi Nafiou. An zaunar da shi a baranda daidai ƙofar ɗakinta, tana hango shi. Bai shigo ba, Baba bai ce ya shigo ba. Abin da ya tsaya mata a rai, duk zaman da ya yi yana jira, yana murza kunnensa na hagu da yatsa biyu.

Nuriyya ta ƙura mata ido. Mutum ɗaya ta sani a duniya mai yin haka in yana jira.

"Me ya sa ba ki taɓa gaya mini ba?"

"In ce miki me? In ce na ga mai murza kunne? Rabina a duniya rabina a lahira, na ɗauka idona ne."

Injin ya yi ƙara, ma'aikaciya ta zo ta danna wani abu ta wuce. Lailatu ta bi ta da kallo har ta yi nisa, sannan ta juyo.

"Ya ƙi, ko?"

"Ya ƙi."

"Na Yaya. Naki fa?"

"Har nawa."

Lailatu ta dube ta. Sai ta yi wata 'yar dariya marar ƙarfi, ta ja zanen har haɓa.

"Ashe zagin banza kika sha, Yaya Nuri."

Wannan maganar ce ta kusa karya ta. Ta miƙe da sauri, ta gyara wa ƙanwarta matashi ba don ya karkace ba, ta ce kar ta gaya wa kowa tukuna.

*

Ruwa ya sauko tun tana cikin taksi, ya riƙe su a cunkoso. Sai bayan la'asar ta isa Awendjé. Baba ya dawo daga shago, yana zaune kan darduma a ƙaramin falonsa, butar shayi a gefe, carbi a hannu. Daga kicin ana jin motsin tukwanen Inna Rakia.

Ta cire takalmi, ta durƙusa, ta gaishe shi yadda ya kamata. Ta tambayi kasuwa, ya ce alhamdu lillahi. Sannan ta faɗa masa, ba ta kewaya ba: Lailatu ba za ta iya karɓar ƙodar Nafiou ba, kuma jinin da aka yi ta ƙara mata ne sanadi.

Carbin ya tsaya, sannan ya ci gaba. Ya ce haka Allah ya ƙaddara.

Ta ce Allah ya ƙaddara, amma an faɗa kafin a yi. Ta faɗa a wannan falon, a kan wannan dardumar.

Ya ce ta yi hattara da harshenta. Ya ce shi abin da ya yi, don ya tsare ɗiyarsa ya yi. Tun kafin a haife ta ya ga yadda ake ɗaukar ciwo a ledar jini a garin nan, ya yi jana'izar abokinsa da hannunsa. Ta so ta ce masa wancan zamani daban, yanzu ana tace kowace leda, amma ta san sun bi wannan hanyar sau ba adadi, ba ta kai ko'ina. Ta haɗiye.

"Ai ga ki nan," ya ce. "Ke da kika ƙi ba da jini, yanzu sai ki ba da abin da kika ce kina ajiya."

"Ni ma ya ƙi ni, Baba."

Ya ɗago. A karon farko ya dube ta sosai.

Ta yi masa bayani a hankali, da kalmomin da zai riƙe. Ta ce jinin da ke jikinsa kashi biyu ne, ita ta gaji ɗaya, Nafiou da Lailatu sun gaji ɗaya. Ta ce jikin Lailatu ya san kashin da ita ta gada, ya taɓa karɓarsa, ya haddace shi. Ba daga ita ba. Ba daga Nafiou ba. Ba daga shi ba.

Ya ce injin bature yakan yi kuskure. Ta ce an maimaita.

Hannunsa ya tashi zuwa kunnensa na hagu. Yana kaiwa ya lura tana kallo, ya sauke.

Nuriyya ta gyara durƙusonta.

"Baba, tambaya ɗaya. Dokar nan taka ta jinin gida, ka taɓa karya ta?"

"Ban taɓa ba."

"Ko sau ɗaya?"

"Na ce miki ban taɓa ba. Ki tambayi duk wanda kike so a garin ga."

"Ko ranar da motar Yaya Nafiou ta maƙale a hanyar Bitam?"

Ruwa yana ta dukan kwano. Ta ga yadda maganar ta tsaya masa. Hanya biyu ce a gabansa, kuma ta san ya gan su. Ko ya ce ya sa wa ɗiyarsa jinin bare, abin da ya shekara yana kushe wasu a kansa, ko ya faɗi ɗayar. Da wani ne, da ya ɗauki ta farko ya huta. Amma wannan Alhaji Salissou ne.

"Ko ranar," ya ce.

Ya ajiye carbin.

Sunan mutumin Ismaïl. Baba ya ba da labarin a gajarce, idonsa a kan butar shayi. Farkon zuwansa garin nan, yana yaro, yana tuƙa taksin wani. Akwai wata mai sayar da abinci a unguwar Louis, 'yar ƙasa. An ɗaura aure, ya ce, ya maimaita, an ɗaura, da shaidu. Danginta ba su so ba, nasa a Tessaoua ba su sani ba. Zaman bai yi nisa ba, ta kwashe, ta ɗauki ɗan da suka haifa, ta koma wurin mutanenta. Shi kuma bai bi ba. Ya ce ya ga kamar haka ya fi sauƙi ga kowa. Sai da yaron ya zama mutum ya nemo shi da kansa har shago. Ranar da Baba ya je ya ce masa ƙanwarka na buƙatar jini, bai tambayi komai ba, ya bar aikinsa ya biyo shi.

Ya tsaya yana jiran ta yi kuka, ko ta yi faɗa, ko ta tambayi yadda ya iya ɓoye mutum guda shekara talatin. Duk suna nan, za su jira. Kanta ya riga ya tafi wani wuri.

Ismaïl ba zai yi ba, jikin Lailatu ya riga ya san shi. Amma in matar nan ta haifa wa Baba wani. Wanda ya gaji ɗaya kashin, irin na Lailatu. Wanda ba a taɓa ɗiban jininsa an ba ta ba.

"Su nawa ne?"

"Mi?"

"'Ya'yan, Baba. Ba kunya na zo ba ka ba, ƙoda nake nema. Su nawa ne?"

"Shi kaɗai ne."

Ya faɗa da sauri. Saurin ya yi yawa.

Ta ce ya dube ta. Ta ce yau Lailatu ta yi mata dariya daga kan gadon wanki, dariyar wadda ta fara sallamawa. Ta ce hannun yarinyar ya ƙare, jijiyoyin sun gaji da allura, likita ya fara maganar wuya. Ta ce in akwai ko mutum ɗaya a garin nan da za a iya gwadawa, ba ta damu da abin da za a ce a masallaci ba, ba ta damu da abin da zai kai Tessaoua ba.

"Na ce miki shi kaɗai ne."

"Biyu ne, Alhaji."

Babu wanda ya ji tahowarta. Inna Rakia tana tsaye a bakin ƙofa, faranti a hannu, gefen zanenta a jiƙe. Ba ta ɗaga murya ba. Ta shigo, ta sunkuya ta ajiye farantin a gabansa kamar kullum, ta buɗe murfin, ta gyara cokali.

Baba ya bi ta da ido.

"Akwai mace," ta ce, tana duban Nuriyya. "Da cikinta uwar ta tafi. Inès. Tana da shagon kitso a unguwar Alibandeng, bayan gidan mai. Goshinta irin na Lailatu."

"Rakia," in ji Baba. "Ke... tun yaushe?"

"Wa kake tsammani yake mini kitso shekara shida?"

Nuriyya ta riga ta miƙe, hannunta a kan jaka. Inna ta riƙo mata gefen mayafi.

"Tsaya ki ji, 'yar gaggawa. Ba ta san ko ni wace ce ba, Hajiya mai ƙaramin kalaba kawai ta sani. Kuma ɗan uwanta bai taɓa gaya mata ya ga Alhaji ba."

"To sai in gaya mata."

"Ki gaya mata mi? Akwai hoton Alhaji a shagon, sama da madubi, yana jingine da taksi. Duk shekara takan rufe shago rana guda, ta kunna kyandir a ƙarƙashinsa."

Inna ta saki mayafin, ta juya ta dubi mijinta.

"Tun tana goye aka ce mata ubanta ya mutu."